Laifin Wane Ne?

Yawancin wasannin 'yan sanda da ake nunawa a talabijin tambaya ɗaya suke bi: wa ya yi kisan? Sa'ad da aka kama shi, labari ya ƙare, mai kallo kuwa ya kwanta da rai a kwance. Sau da yawa kuma a kan ce mai kisan mahaukaci ne. Wannan yana yi mana daɗi, gama yana nisanta mugunta daga ƙofarmu, amma zalunci ne ga masu ciwon tunani, waɗanda galibinsu ba su taɓa cutar da kowa ba.

A shekarar 2025 aka fito da wani wasa na ƙasar Ingila mai suna Adolescence, kashi 4, a Netflix. Yaro ne mai shekara 13, Jamie, aka kama shi da asuba a gidan iyayensa domin ya soke wata yarinya 'yar makarantarsu da wuƙa. Tun a kashi na fari aka nuna wa ubansa hoton abin da ya yi. Saura duka bincike ne na dalili.

Likitar tunani ta zauna da shi a kashi na 3. Abin da muka gani a can yaro ne wanda aka yi wa ba'a a intanet, wanda ya sha koyarwar raina mata, ga fushi kamar na Kayinu a gona. Iyayensa kuwa mutanen kirki ne. Suna tsammani yana lafiya, tun da yana ɗakinsa gaban kwamfuta, ba ya yawon dare.

To, laifin wane ne? Annabi Ezekiyel, sura 18, ya koya mana kowa zai ɗauki alhakin zunubinsa. Duk da haka Ubangiji ya hukunta Eli domin bai tsawata wa 'ya'yansa ba. Wasan nan ya riƙe biyun tare. Yaron da bakinsa ya yarda zai amsa laifinsa a gaban shari'a, uwa da uba kuma suka zauna suna kuka a kan abin da ba su kula da shi ba.

Abu ɗaya ya ɓata mana rai. Yarinyar da aka kashe, Katie, da ƙyar aka nuna fuskarta, ba a kuwa kai mu gidan iyayenta ko sau ɗaya ba.