Kada Ka Gaya Wa Umma

Ranar hawan Nassarawa ce. Dawakai sun riga sun ratsa Fagge sun bar mana ƙura, ni kuwa na rufe shagona na Kantin Kwari tun jajibere, sai na ce bari in fita yawon Sallah da autan yayata.

Shekararsa 11. Yana ɗan 8 aka gano yana da ciwon suga irin na yara, wanda jiki ke daina yin insulin, sai dai a riƙa ba shi ta allura har ƙarshen rayuwa. Ba shan zaƙi ne ya jawo masa ba, ko da yake har yau Hajiyarmu ba ta yarda da wannan ba. Tun daga ranar gidan Yaya ya koma barikin soja. Babu alewa, babu lemo, babu cincin, bikin dangi ma sai dai Auta ya ji labari. Ban ga laifinta ba. Wanda ya taɓa ɗaukar ɗansa a sume zuwa asibiti ba ka koya masa tsoro.

Adaidaita ya sauke mu a France Road bayan La'asar. Muna cikin tafiya yaro ya ja ya tsaya a gaban wani shagon fiza, ya zuba wa hoton ido. Bai roƙa ba, shi ya sa abin ya fi taɓa ni.

"Kawu, duk 'yan ajinmu sun taɓa ci."

Na saya. Ya ciro alƙalamin allurarsa daga 'yar jaka, ya yi lissafi da yatsu kamar yadda aka koya masa idan zai ci burodi, ya ɗaga riga ya tsira a ciki, duka a tashi ɗaya. Ya ci yanka uku, cuku na bin bakinsa kamar zare. Da ya suɗe yatsu sai ya ce, "Kawu, don Allah kada ka gaya wa Umma." Na ce ai magana ta mutu a nan.

Sai da muka ɗan zaga, muka kamo hanyar gida dab da Magariba, na ga gumi na tsatsafo masa a goshi, hannunsa na rawa. Ya soki yatsa ya ɗiga jini a tsinken gwaji. Na'ura ta nuna 62. Ƙasa da 70 suga ya faɗi ke nan, wannan ko ni na sani. Na rasa gane kan abin: yaron da ya cika cikinsa yanzun nan? Na tsayar da mai adaidaita a wurin mai shayi, na karɓi ƙwayar suga uku ya tsotse. Bayan minti 15 ya koma 95. Da ƙarfe tara uwarsa ta auna shi, 128. Ta ce masha Allah, yau yawo ya karɓe shi. Ya ce ba ya jin cin tuwo, ta ƙyale shi. Muka haɗa ido da shi, na kau da kai.

A ɗakin zaure na kwana. Wajen sha biyu da rabi na ji ana ta buɗe ƙofar banɗaki, sannan na ji ƙarar moɗa a randa. Fitsari da ƙishirwa. Can sai muryar Yaya, "Innalillahi! 312!"

Ta tsoma tsinken gwajin kiton a fitsarinsa, Allah ya taimaka bai sauya launi ba, kuma ba ya amai. Ta duba takardar da likita ya rubuta mata, ta yi masa allurar gyara, ta riƙa ɗura masa ruwa. Amma hankalinta bai kwanta ba, domin ba ta san daga ina abin ya ɓullo ba. Yaron da ko tuwon dare bai ci ba! Hajiya ta fito da carbi tana cewa baki ne, an ga yaro da sabon ɗinki, a jiƙa shuwaka. Yaya kuwa insulin ta tuhuma. Kwana uku babu wuta, firij ya zama akwati, maganin yana cikin leda a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, dabarar da masu ciwon nan ke yi in zafi ya matsa. Ta ce ya lalace. Ta ce ko kuwa tun farko jabu mai kemis ya sayar mata, gobe sai ya gane kurensa. Ta kwaso duka na watan, wanda na san sai da ta sayar da ɗan kunnenta ta haɗa kuɗinsa, ta nufi kwandon shara.

Auta na kwance yana kallona. Ni ma ina kallonsa.

"Yaya, ajiye. Maganin lafiyarsa ƙalau. Ni na saya masa fiza a Sabon Gari."

Abin da ta faɗa mini a daren nan ba na takarda ba ne.

Ranar da suka koma ganin likita a Asibitin Malam Aminu Kano ta ce dole in bi su, in maimaita da bakina. Na shiga ina jiran faɗa. Likitar ta saurara har ƙarshe, ta rubuta lambobin a jere da lokutansu, 62, 128, 312, sannan ta tambaye ni sana'ata. Na ce ɗan Kwari ne.

"To Alhaji, a ce kana jiran motar kaya, ka kira 'yan dako tun da wuri. Mota ta maƙale a hanya. Su kuwa ba sa zama haka nan, sai suka kwashe ɗan abin da ke shagon, suka bar shi wayam. Da suka gaji suka tafi gida. Tsakar dare mota ta iso, ta juye diloli a titi, babu mai ɗauka."

Allurar da ake yi kafin cin abinci, in ji ta, tana fara aiki cikin kamar minti 15, ƙarfinta ya kai ƙololuwa a awa ɗaya zuwa biyu, bayan awa huɗu ko biyar ta tafi. Burodi da shinkafa kusan tare suke tafiya da ita. Fiza kuwa fulawa ce da aka lulluɓe da cuku da nama da mai. Maiƙo yana riƙe abinci a tumbi ya hana shi wucewa da wuri, kuma yana sa jiki ya ƙi jin insulin na wasu sa'o'i. Shi ya sa suga kan faɗi da farko, ya dawo ya yi tashin gwauron zabi bayan awa huɗu, shida, wani lokaci har takwas, lokacin da kowa ya yi barci. Ta ce kada mu ɗauka abin na Turawa ne kawai: bandashen gurasa da ya sha mai da ƙuli, a ɗora masa tsire, zai iya yin irin wannan wasan.

Yaya ta ce shi ke nan, an haramta fiza har abada.

Likitar ta girgiza kai. "Hajiya, haramcin ne ya kai shi ci a ɓoye. Da kin san abin da ya ci, da kin tashe shi kin auna tun sha ɗaya. Kuma saura ƙiris ki zubar da maganin wata guda." Ta juya ga Auta. "Kai kuma, ka ci ba laifi ba ne. Ka ci ka yi shiru, shi ne."

Ta rubuta musu tsari. A ci da rana, ba dab da kwanciya ba. Yanka biyu, mai siririn gindi, da ganye a gefe, da ruwa maimakon lemo. Allurar a raba ta biyu, wani kaso kafin ci, ragowar daga baya, ta rubuta adadin da lokacin da hannunta, ta ja layi a ƙarƙashi, ta ce wannan na Auta ne shi kaɗai, kada a ara wa ɗan wani. A auna bayan awa biyu, da huɗu, da shida, a rubuta komai a littafi a kawo mata, domin da wuya a dace tun karon farko.

Asabar ta biyu bayan nan, da azahar, na shigo gidan da kwalin fiza a fili, ba a ƙarƙashin riga ba. Yaya ta buɗe littafi ta rubuta ƙarfe biyu saura kwata. Hajiya ta gutsuri kaɗan, ta tauna, ta yamutsa fuska, ta ce wannan ai gurasa ce aka ɓata, 'yan Jakara su ji an biya kuɗin nan sai sun yi dariya. Duk da haka ta miƙa hannu ta ƙara.

Awon farko 140. Na biyu 176. Na uku ina zaure muna lissafin bashin Sallah da yaron shagona, sai ga Auta da na'ura a hannu, babu wanda ya aiko shi.

"Kawu, 205. Ya ɗan hau. Umma ta ce ka rubuta da hannunka, tunda kai ka fara."

Na karɓi biro.