Keke Ɗaya, Gumi Biyu

Mai karatu, a Amurka akwai masu ɗaukar hutu su hau keke daga San Francisco zuwa Los Angeles, kwana da kwanaki a gaɓar teku, har su biya kuɗi don su gaji. Da na ba wani dattijo wannan labari a Ɗanbatta, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ƙoshi ne." Shi tun asuba yake turo kekensa da buhun gero zuwa kasuwar Lahadi.

To wai me ya raba hutu da wahala, tunda duk gumi ake yi? A ganina, ikon tsayawa ne. Ɗan yawon buɗe ido in ya gaji, sai ya kama ɗaki ya kwanta. Baba kuwa in ya tsaya, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa. Ku tuna fim ɗin Vittorio De Sica na 1948, inda satar keke guda ta raba magidanci da aikinsa a birnin Rum.

Don haka 'yan fim, in kun hasko mai keke a hanyar Dam ɗin Thomas don ƙawata waƙa, ku tambaye shi ina za shi. Ta yiwu labarinsa ya fi wanda kuke ɗauka.