Kalmomi 12 da Haƙƙin Magada

A zamanin Sarki Tanimun, falke a Zangon Damagaram yakan bar ajiyarsa wurin fatoma kafin ya bi ayari zuwa Tarabulus. In ya rasu a hamada, ga shaidu, ga alƙali. Asusun kuɗin kirifto irin MetaMask, da ake buɗewa a manhajar shiga intanet, bai san shaida ba. Kalmomi 12 ne mabuɗinsa: duk wanda ya ji su ya mallaki dukiyar, in sun ɓata kuwa kamfanin ba ya iya maido su. Ɓoye su wajibi ne. To, amma wanda ya shiga kabari da su bai tauye gadon marayunsa ba? In kuma ya rubuta su ya damƙa wa amini, fatoman nan ne ya sāke nema, wannan karon ba alƙali a bayansa.