Jijiyar Gwiwa: Likita Ya Dasa, Allah Ya Raya

Tsarki ya tabbata ga Allah da Ya sanya wata 'yar jijiya a tsakiyar gwiwar ɗan Adam. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, amma ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba yayin da ɗan ƙwallo ya yi birki ko ya yi kwana. Ran da ta tsinke, gwarzo ma sai ya fice daga fili. Haka ta faru da Virgil van Dijk na Liverpool a wasansu da Everton cikin Oktoban 2020.

A wajen tiyata, likita kan yanko wata jijiyar daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko bayan cinya, ya huda ƙashi, ya zura ta, ya ɗaure. Iyakar aikin hannunsa ke nan. Wannan dashe an raba shi da jininsa, don haka ƙwayoyin cikinsa sukan mutu, ya yi rauni sosai a watannin farko. Sai ƙananan hanyoyin jini su fara kutsowa, sababbin ƙwayoyin halitta su biyo su, su riƙa saƙa zaren jijiyar daidai da inda nauyi ke ja. A hankali, cikin shekara ko fiye, baƙuwa ta ɗauki siffar wadda ta gada. Wa ya sanar da waɗannan ƙwayoyi aikinsu a cikin duhun gwiwa? Subhanallah!

Masana sun gane cewa wannan aiki ba ya son gaggawa. A 2016, Hege Grindem da abokan aikinta a Oslo da Delaware suka fitar da binciken mutum 106 da aka yi wa wannan tiyata. Duk watan da ɗan wasa ya ƙara haƙuri kafin ya koma wasa, har zuwa na 9 bayan tiyata, haɗarin sake jin rauni ya ragu da kashi 51 cikin 100. Waɗanda ƙarfin cinyarsu ya kusa kamo na lafiyayyar ƙafa su ma sun fi tsira. Van Dijk bai sake buga wasa ba sai ƙarshen Yulin 2021.

Lallai sauri ya haifi nawa. Matashin da ciwo ya lafa masa kada ya ɗauka ya warke. Ya bi gashin ƙashi da atisaye yadda aka tsara masa, ya jira wa'adin da Mahalicci Ya ɗibar wa jikinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa.