Sa Hannun Kiranye da Amanar Sunan Talaka

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya bai wa talaka makami guda da zai iya ɗagawa kafin wa'adin shekara huɗu ya cika, wato kiranye. Sashe na 69 ya tanadi yadda za a dawo da ɗan majalisar tarayya gida, sashe na 110 kuma na ɗan majalisar jiha. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa sun sa hannu a takardar ƙorafi cewa sun yanke ƙauna daga wakilinsu, hukumar zaɓe ta INEC ta tantance sa hannun, sannan a kaɗa ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Ginin duka ya dogara ne a kan tubali ɗaya: cewa kowane suna a takardar mai shi ne ya rubuta, ko ya dangwala yatsa, da saninsa da yardarsa. Tambayar da ke damuna ita ce: idan wakili ya gaza ƙarara, shin laifi ne a ari sunayen mutane domin a kawar da shi?

Jihar Kogi ta ba mu darasi sau biyu. A shekarar 2017 aka kai wa INEC takardar neman kiranyen Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma. Da aka zo tantancewa ranar 28 ga Afrilun 2018, cikin sunaye 189,870 mutum 20,868 kaɗai suka fito, aka tabbatar da sa hannun 18,742, wato kashi 5.34 cikin ɗari na masu rajista 351,146. A watan Maris na 2025 kuma aka nemi kiranyen Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya. Wannan karon ba a ma kai ga tantancewa ba, domin da hukumar ta ƙirga sai ta tarar da sa hannu 208,132 cikin masu rajista 474,554, adadin da bai kai rabi ba.

Adalci ya hana in ce duk wanda bai fito tantancewa ba sunansa na bogi ne. Wani tsoro ya hana shi, wani gona, wani ya canza ra'ayi. Amma idan mutum tara cikin goma suka kasa zuwa su tsaya a kan abin da aka ce sun sa wa hannu, dole mai hankali ya tambaya: wa ya rubuta waɗannan sunaye, kuma me aka gaya wa masu su?

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ɗan Sheme ne, a mazaɓar tarayya ta Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda 'yan bindiga suka raba ƙauyuka da yawa da mutanensu. Sunan manomi yana nan a rajistar rumfar ƙauyensu, shi kuwa yana gudun hijira a Funtuwa ko Katsina. Wata tsohuwa ba ta iya karatun boko ba. Idan aka ce ta kawo katin zaɓe ta dangwala don a ba ta taki ko tallafi, ba za ta san abin da aka rubuta a saman takardar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a irin wannan wuri sunan talaka ya fi kowace dukiya sauƙin sata.

Na san hujjar masu cewa a yi hakan. Suna cewa sharaɗin ya yi tsauri, tunda a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ko kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba su fito ba, kuma tun 1999 ba a taɓa dawo da ɗan majalisar tarayya ko ɗaya ta hanyar kiranye ba. Wannan koke yana da ƙarfi, kuma ya isa dalilin neman a gyara dokar. Sai dai ba ya halatta ƙarya. Sa hannu shaida ce. Wanda ya rubuta sunana ba da izinina ba ya sa ni shaidar abin da ban faɗa ba, kuma addini da al'ada duka sun ɗauki shaidar zur babban laifi. Ko da ina ƙin wakilin nan fiye da kowa, ni ke da ikon furtawa ko yin shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan daɗewa. Hanyar da aka bi aka tsige lalataccen wakili da sunayen aro, ita mai kuɗi ko mai mulki zai bi gobe ya tsige wakilin kirki da ya ƙi rusuna masa. Kuma duk lokacin da takardar bogi ta faɗi, ranar da jama'a suka zo da kukan gaskiya za a ce ai irin waccan ce. Makamin talaka ya dakushe ke nan a hannun waɗanda suka ce domin shi suke yaƙi.

Saboda haka ina ganin faɗuwar takarda bai kamata ya zama ƙarshen magana ba. A liƙa sunayen a kowace rumfar zaɓe, a karanta su da babbar murya domin wanda bai iya karatu ba, a ba mutum damar cewa wannan ba hannuna ba ne, sannan a tuhumi wanda ya tattara su a gaban kotu. Mu ma akwai namu nauyin: kada mu miƙa katin zaɓe ko mu dangwala yatsa sai mun ji abin da takarda ta ƙunsa. Wanda aka ƙwace wa shanu da gona, sunansa ne ya rage masa, kuma bai kamata wani ya yi magana da shi ba sai da izininsa.