Abin Wasan da Aka Hana wa Wasa

A ƙasar Amurka, da kuma Ingila, akwai wata jama'a ta magidanta, waɗansunsu furfura ta riga ta game musu kai, waɗanda suke ɓatar da rarar dukiyarsu da rarar lokacinsu wajen tara tsofaffin kayan wasan yara na soja: 'yan sojojin roba, da tankokin yaƙinsu, da motocinsu ƙirar jif, da jiragensu, har da 'yan bindigogi da hulunan kwano waɗanda ba su fi farcen yatsa girma ba. Wanda ya fara jin labarinsu yakan yi dariya, ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Amma dariya ba ta warware mas'ala, kuma da yake duk aikin da baligi mai hankali ya sa kansa a ciki ba ya rasa hukunci a shari'a, ba ya kuma rasa wata buƙata ta zuciya da take kwance a ƙarƙashinsa, ya kyautu a tsaya a dubi al'amarin da idon basira kafin a yi masa fatawa.

Asalin abin yana komawa shekarar 1964, lokacin da kamfanin Hasbro, wanda a lokacin yake garin Pawtucket a jihar Rhode Island, ya fito da wani ɗan soja na roba mai tsawon kusan inci 12, mai gaɓoɓin da suke lanƙwashewa, da tabo a kuncinsa na dama, aka sa masa suna G.I. Joe. Don Levine, wanda ya jagoranci aikin, shi kansa ya yi soja a yaƙin Koriya. Mutanen kamfanin sun ga yadda 'yar tsanar nan Barbie, wadda ta fito a 1959, take kwaso wa masu ita kuɗi ta hanyar riguna da kayan ado da ake ta saya mata, sai suka bi wannan dabara ga yara maza: ɗan sojan a saye shi sau ɗaya da araha, amma kakinsa, da tantinsa, da gorar ruwansa, da banatinsa, da motarsa, waɗannan sai uban yaro ya riƙa komawa kanti ba iyaka. A 1966 kamfanin Palitoy na Ingila ya sami izinin ƙera irinsa da sunan Action Man. Tun ran gini aka yi zane, wato tun farko an tsara abin ne a kan cewa mai shi ba zai taɓa jin ya kammala ba, kuma wannan nukuta tana da amfani ga abin da za mu zo kansa.

Da yaƙin Biyetnam ya yi tsanani, gawawwakin samari suka riƙa dawowa gida, iyaye mata suka fara ƙyamar su miƙa wa 'ya'yansu soja da bindiga, sai ciniki ya faɗi. A 1970 kamfanin ya tuɓe wa G.I. Joe aikin yaƙi, ya mai da shi ɗan kasada mai farautar farar damisa da tonon kaburburan Fir'aunoni, har dai aka daina ƙera shi a 1976, bayan tsadar man fetur ta sa roba ta yi tsada. Sai a 1982, zamanin shugaba Reagan, lokacin da zukatan Amurkawa suka sake karkata ga ɗaukaka soja, aka dawo da shi ƙarami, bai kai inci 4 ba, aka ƙago masa abokan gaba da ake kira Cobra, waɗanda ba su da ƙasa ba su da addini, don kada a ɓata wa kowa rai a kasuwa. Ƙanƙantar da aka yi masa ita ta buɗe ƙofar motoci da jirage, domin yanzu ana iya ƙera masa tanka da kuɗi kaɗan, har ta kai a 1985 aka fito da jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi, USS Flagg, mai tsawon ƙafa 7 da rabi, ana sayar da shi wajen dala 110. Yara kaɗan ne iyayensu suka iya saya musu shi, kuma waɗanda suka tsaya a bakin kanti suna haɗiyar yawu a wancan zamani, su ne a yau, da suka yi ƙarfi, suke zuba dubban daloli a wajen gwanjo don su mallake shi.

Abin da zai fara zuwa zuciyar ɗalibin fiƙihu shi ne hukuncin sura da mutum-mutumi, amma ni a ganina ba nan gizo yake saƙar ba. Tanka da jif da jirgi ba su da rai, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya ba wani mai sana'ar zane shawarar ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da ruhi. 'Yan sojojin kuwa, ko da yake surori ne cikakku masu inuwa, irin waɗanda malaman Malikiyya suka tsananta a kansu, ai an san rangwamen da aka yi wa kayan wasan yara. Nana A'isha tana da 'yan tsana a ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Abu Dawuda ya kawo cewa wata rana ya ga doki mai fukafukai a cikinsu, ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakan Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu kuma ta ba da labarin yadda suke yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar Ashura, su shagaltar da su da shi daga kukan yunwa har rana ta faɗi. Alƙali Iyadu da waɗanda suka bi shi sun fahimci wannan a matsayin keɓancewa daga hanin, saboda maslahar yaro da tarbiyyarsa.

To, a nan ne tambayar take. Ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman usulu cewa hukunci yana kewayawa tare da illarsa, wato dalilin da ya sa aka kafa shi, in ta samu ya samu, in ta gushe ya gushe. Illar rangwamen nan kuwa yaro ne da wasansa, da abin wulaƙantawa da abin wasa yake da shi, ana jan sa a ƙasa, ana taka shi, ana barin sa a tsakar gida ruwa ya dake shi, wanda duk wannan ya nisanta shi daga girmamawar da aka ji tsoro a kan surori. Yaron da ya ƙera motar kara a ƙauyenmu, ya yi mata tayoyi da ɓawon kwalba ko guntun silifa, in ta kwana uku a hannunsa ta yi tsawon rai, kuma ba ya kuka a kanta, domin amfaninta ya riga ya fita. Amma ina hukuncin abin wasan da aka raba shi da yaro, aka ɗora shi a kan kanta bayan gilashi, aka kunna masa fitila, aka hana ɗan mai gidan ko jikansa ya kai masa hannu? Ba na cewa ya zama gunki, subhanallahi, domin babu mai yi masa sujada, babu mai neman wani abu a wurinsa, kuma gaggawar jifan mutane da shirka ba ɗabi'ar masu ilimi ba ce. Abin da nake cewa shi ne ya fita daga babin wasan yara, don haka ba zai ci gaba da fakewa da rangwamen yara ba. Sai a nema masa wani babi.

Kafin a nema masa, ya kamata a yi wa mutanen nan adalci, domin ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai wanda yake sayen tsohuwar tanka a kasuwar kayan gwanjo, ta yi ƙura, bakin bindigarta ya karye, farar robar jikinta ta koma ruwan ɗorawa saboda rana, ya zauna da dare yana wanke ta da burushin haƙori, yana gyara takardun alama da suka ɓaɓɓako. Ƙananan sojojin nan na 1982 suna da wani zoben roba a cikinsu wanda yake riƙe ƙafafu da ƙirji, kuma in shekaru suka tura sai ya bushe ya tsinke, soja ya rabu gida biyu. Sai mai gyara ya kwance ɗan notin da yake bayansa, ya sa sabon zobe, ya ɗaure, ya miƙar da shi. Wani zai shekara yana cigiyar wani ɗan makirufo da ake maƙala wa hular direban tanka ta 1985, abin da yara suka zubar tun ranar da aka buɗe musu kwali, har ya zama kuɗinsa shi kaɗai yakan fi na direban. Irin wannan mutum, in bai tauye haƙƙin iyalinsa ba, bai bar salla ta wuce shi ba, ni ban ga bambancinsa da mai kiwon tantabara ba, kuma zuciya tana buƙatar hutu da halal, kamar yadda Imamu Gazali ya yi bayani a Ihya'u. Sai dai ya san cewa abin da yake nema ba ya cikin robar. Yana neman safiyar da ubansa yake raye, da ɗakin da ya tashi a ciki, kuma tun da aka tsara kayan a kan kada su kammalu, duk wanda ya samu zai nuna masa giɓin wanda bai samu ba. Alƙur'ani, a Suratul Hadidi, ya jera matakan rayuwar duniya daga wasa zuwa shagala, zuwa ado, zuwa alfahari, zuwa gasar tara dukiya da 'ya'ya, kuma abin mamaki a nan shi ne mutum ya bi matakan nan biyar duka da abu guda bai canja shi ba.

Akwai kuma hujjar tarihi, wadda ban raina ta ba. Wanda ya jera kayan nan bisa shekarunsu zai karanta yadda wata babbar al'umma ta so yaƙi, ta ƙi shi, ta sake son sa, fiye da yadda jawabin shugabanninta zai nuna masa. Amma shaida ce mai ɓoye rabin magana. A wasan zanen talabijin da aka yi don tallar kayan, ana ta harbi da haske ja da shuɗi, jirgi ya fashe a sama, amma sai ka ga matuƙi ya sauko da lema lafiya lau. Yaƙi ne da babu gawa a cikinsa, babu marayu, babu gurgu. Dattawanmu da suka je Bama a yaƙin duniya na biyu, a runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, da yawansu sun dawo ba sa son a tayar musu da zancen. Mai tarawa kuwa abin da ya fi daraja a wurinsa shi ne tankar da ba ta da ko ƙwarzane.

Wannan ya kawo mu ga kashi na ƙarshe, wanda shi ne ya fi ɗaure mini kai: masu kwalin da ba a taɓa buɗewa ba. A kasuwar nan abin da yaro ya yi wasa da shi shi ne mafi arha, wanda aka buɗe aka adana ya fi shi, wanda kuwa yake a liƙe tun daga masana'anta shi ne sarki, har akwai kamfanonin da aikinsu ke nan su duba kwali, su ba shi maki, su rufe shi cikin akwatin gilashin roba. Darajarsa ke nan tana cikin cewa bai taɓa yin abin da aka yi shi dominsa ba. Samfurin farko na G.I. Joe, wanda aka sassaƙa da hannu, an sayar da shi dala 200,000 a 2003. Wanda ya sayi kwali rufaffe yana jiran ya yi tsada, in Musulmi ne, to ya daina kiran kansa mai sha'awa, ɗan kasuwa ne, kuma fiƙihu ya san shi. Malikiyya sun raba tsakanin kayan da mutum ya mallaka don amfanin kansa, wanda babu zakka a ciki, da kayan da ya saya da niyyar ciniki. Sa'an nan suka raba 'yan kasuwa gida biyu, mai jujjuya haja kullum, wanda zai ƙiyasta kayansa kowace shekara ya fitar, da mai ajiyewa yana dakon kasuwa, wanda zai fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar, in kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo. Mai kwalinmu na biyun ne, kuma niyyarsa ranar saye ita ce alƙali.

Saura hukuncin cinikin kansa, domin mai saye bai ga abin da yake ciki ba. Imamu Malik ya halatta sayar da ƙunshin tufafi bisa takardar da ta siffanta abin da yake ciki, ba tare da an kwance ba, saboda kwancewar tana cutar da mai kaya, kuma hoton da yake jikin kwalin yana iya tsayawa a matsayin wannan takarda. Sai dai mai sayen tufafi zai je gida ya kwance, in ya tarar da saɓanin siffa ya mayar; mai sayen kwali kuwa ba zai taɓa buɗewa ba, alhali ya san zoben nan na roba yana bushewa a cikin duhu kamar yadda yake bushewa a sarari, kuma mai yiwuwa ne sojan da ya biya dubbai a kansa ya daɗe da rabewa biyu. Ko da ma ya buɗe, Shehu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa aibin da ba a iya ganinsa sai an sauya kayan, kamar ɓarnar ƙwaro a cikin katako ko ɗacin kokwamba, ba a mayar da ciniki saboda shi. Wannan kuwa ya fi kowa dacewa da kwalin nan, tun da yanke liƙinsa kaɗai ya isa ya zubar da mafi yawan kuɗinsa, ko an sami kayan lafiya ko an same su a karye.