Yaro ya saci akuya: A littafin wa za a rubuta laifin?

Mai karatu, ka lura da yadda finafinanmu ke gamawa da kangararren yaro? Ya sha wiwi, ya saci kuɗin uwarsa, ya fasa shagon maƙwabci. Ana saura minti biyar fim ya ƙare sai ga 'yan sanda da ankwa, uwa ta ɗora hannu a ka, a saki kiɗan tausayi, a rubuta Alhamdulillahi. 'Yan kallo su watse da cewa ya ga ƙarshensa. To ni a daidai nan nake son fim ɗin ya fara. Ina aka kai shi? Da wa ya kwana a ɗaki ɗaya? Wane ne zai dawo mana bayan shekara biyu?

Abin da ya tayar mani da maganar nan wani abu ne da na gani da idona ran wata kasuwa, a wani ƙauye da ke ƙasar Kafin Hausa. An kama yaro, bai fi shekara 13 ba, yana cinikin akuyar da ba tasa ba. Kafin ka ce kwabo an yi masa zobe, wannan ya kai mari, wancan ya kai ranƙwashi. Mai akuyar wata gyatuma ce, ita kanta abar tausayi. Da aka matsa masa, sai ya ce tun da ruwa ya cinye gonarsu babansa ya tafi kudu neman kuɗi, bai sake aiko ko sisi ba. Wani daga gefe ya ce, "Ƙarya yake, duk haka suke faɗa." Mai yiwuwa. Amma wanda ya ga ambaliyar 2022, yadda ta kwanta a kan gonakin Kafin Hausa da Auyo da Haɗeja, ba zai yi saurin ƙaryata shi ba.

Marubutanmu na farko sun riga mu hango wannan. Dubi Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930. Kyauta ya tashi maƙaryaci, ɓarawo, har ya zama ajalin mahaifinsa. Amma gabar da ta lalata shi an ƙulla ta tun kafin a haife shi, tsakanin manya biyu a kan mace. Cire sammun da ke cikin labarin, ka sa saki, ko talauci, ko uban da ya tura ɗa birni da ƙoƙon bara, za ka ga Kyauta na nan a kowace tasha.

Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. In muka ce laifin na uba ne, na ruwa ne, na gwamnati ne, gyatumar nan fa? Ita ta aiko da ambaliya? Akuyar nan ita ce bankinta, ita za ta sayar ran da jikanta ya kwanta ciwo. Tausayin da zai sa a ce mata ta yi haƙuri kawai, zalunci ne da ya yafa mayafi. Kuma yaron da aka nuna wa cewa yunwa lasin ce ta ɗaukar kayan mutane, an cuce shi fiye da wanda aka zane.

A nan ne nake jinjina wa malaman fiƙihunmu. Sun raba abu biyu da mu muke cakuɗawa. Yaron da bai balaga ba, ba a tsayar masa da haddi, domin alƙalami bai hau kansa ba. Amma dukiyar da ya ɓarnatar ba ta faɗi ƙasa banza, sai an biya mai ita. Wato haƙƙin gyatuma daban, hukuncin yaro daban. A mayar mata da akuyarta, sannan a zauna a yi tunanin yadda za a yi da shi. Dokar boko ma ta biyo kusa da nan: kundin Final Kod na Arewa ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne, daga 7 zuwa 12 kuma sai an duba ko hankalinsa ya kai ya san abin da ya yi.

Kotun yara ta farko a duniya an buɗe ta ne a Chicago ta Amurka a 1899, bisa tunanin cewa alƙali ya zauna a mazaunin uba, ya tambayi abin da ya kawo yaro nan kafin ya tambayi abin da ya yi. Nijeriya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, wadda ta tanadi kotun iyali, ta hana fallasa sunan yaro, ta ce tsarewa ita ce matakin ƙarshe. Jigawa ta daɗe tana jan ƙafa, sai a Disambar 2021 Gwamna Badaru Abubakar ya sa hannu a kan dokar kare yara ta jihar. Kano ta bi baya a 2023. A takarda, ba laifi. A aikace kuwa, duk mun ga hotunan Nuwambar 2024, lokacin da aka gurfanar da yara a Babbar Kotun Tarayya a Abuja kan zanga-zangar watan Agusta, wasu suka yanke jiki suka faɗi, kafin surutun jama'a ya sa aka sake su.

Mu kuma iyaye ba mu da bakin zagin hukuma. Su wa suka kai 'ya'yansu gidan marin nan na Rigasa a Kaduna, wanda 'yan sanda suka fasa a Satumbar 2019 suka tarar da ɗaruruwan mutane, har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa? Mu ne, da kuɗinmu, muna godiya. Na san uwa ba ta kai ɗanta can don ƙiyayya. Ta gaji ne, ta yi kuka, ta yi roƙon Allah, ta rasa ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Wannan rashin ƙofar shi ne ainihin ciwon.

A Kafin Hausa gwamnatin jiha na da makarantar gyaran hali, kamar yadda Kano ke da tata a Kiru, tarayya kuma ke da gidan horon matasa a Kakuri ta Kaduna. Ina ganin amfaninsu ga yaron da ya gagari gida, in dai zai fito da sana'a a hannu. Amma ko ya zama gwanin kafinta, gidan da ya baro yana nan yadda yake: rumbu wayam, uba ba labari. Kuɗin da za a ciyar da shi shekara guda a tsare, da an ba uwarsa jari da irin shuka, an sa ma'aikacin jin daɗin jama'a ya riƙa leƙa su, wataƙila da ƙannensa uku ba su bi sawunsa ba. Garin da ke da jami'a tun 2013 bai kamata ya rasa matasan da za a horar kan wannan aiki ba.

Yaron kasuwar nan dai ba a kai shi ko'ina ba. Mai unguwa ya janye shi daga hannun jama'a, aka mayar wa gyatuma akuyarta, wani kawunsa ya ɗauki alkawarin zai sa shi a gonar shinkafarsa ta rani. Gyatumar ta kama igiya, ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, da ka roƙe ni da na ba ka tuwo." Ta ja abarta ta tafi. Shi kuwa yana tsugune, yana goge jinin leɓensa da bakin riga.